Amsa ga mai injin ban ruwan da ke mutuwa in an buɗe cok

Wallahi ɗan'uwa ina karanta tambayarka na ce kai, ai ciwona ne wannan. Inji ya tashi da cok (ɗan hannun nan da ke rage wa inji iska), kana buɗewa ya yi tari ya mutu, ko ya riƙa hawa yana sauka shi kaɗai. Kar ka yarda kowa ya ce maka a sauke inji tukuna, mai ne ba ya isa ciki yadda ya kamata, shi ya sa yake son cok.

Ni haka wani bakanike ya yi min a nan Garwa lokacin da albasata ta fara ƙwai, wajen Pitowa nake lambu. Ko buɗewa bai yi ba ya ce fistan ya ci, na ba shi dubu 25 na sefa, ya riƙe min inji kullum gobe gobe, ina kallon ganye yana kwanciya ranar nan ta watan Maris kun san ta, ni da yarana muna ɗibar ruwa da bokiti har bayana ya riƙe. Da ya dawo da shi ciwon na nan, kuma kaburetata ta Honda ta asali ya cire ya sa min ta China. Na je na same shi ya rantse min da Allah a gaban mutane haka na kawo ta! Har yau in na wuce garejin ba na sallama, na bar shi da Allah.

To ka rufe famfon mai, ka kwance ƙaramin kofin da ke ƙasan kabureta, in injin Honda GX160 ne ko irin kwafinsa noti ɗaya ne. Zuba man a kwalba mai haske ka duba, ruwa ƙasa yake kwanciya. Zuwa-zuwan nan, wato fetur ɗin jarka na bakin hanya, tun da Najeriya ta cire tallafi a 2023 ya yi tsada wasu suke haɗa shi da kananzir, ga dattin jarka, ni yanzu sai na tace da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki. A tsakiyar bututun da kofin ya rufe akwai jet na tagulla mai ɗan rami, shi ke toshewa. Cire shi da sukundireba, ka zare silin waya ɗaya daga wayar lantarki ka zura, ka hura. Don Allah banda allura, tana faɗaɗa ramin inji ya koma shan mai da baƙin hayaƙi. Akwai wani ƙaramin jet ta sama kusa da sukurun saita silo, shi ma a wanke.

Af, murfin tanki ma yana da hanyar iska, in ta toshe inji zai yi aiki kaɗan ya mutu, ka sassauta murfin ka gani. Soson iska kuma da ƙurar hunturu sai wanki da sabulu, ya bushe sosai. Kuma in ka ajiye shi a karkace bakin rijiya ko baƙin mai ya yi ƙasa, injina masu sansar baƙin mai suna kashe kansu, wani sai ya ce kabureta ce.

In za ka ajiye shi da damina rufe famfo ka bar shi ya shanye na kofin har ya mutu, tsohon mai danƙo yake zama. In dole sai bakanike, tsaya a kansa, ka yi wa kaburetarka alama da ƙusa. Cire bujin, wato fulogi, ka gaya mana fari ne ko baƙi.