Amsa ga mai neman jakar goyon ƙaramin kare don hawan dutse

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kin ce karenki Lhasa ne, irin ƙananan nan masu dogon gashi, mai kilo 6, kuna fita hawan duwatsun gefen Abuja ranar Asabar, amma kafin a ci rabin hanya sai ya kwanta ya ƙi tashi, dole ki ƙarasa da shi a hannu. Kina tambayar wacce za ki saya cikin jakunkuna biyun da kika gani, wadda ake ɗora wa kare a gadon baya ko wadda ake saka shi ciki a goya.

Ta farkon dai ki cire ta daga lissafi. Tana da aljihu biyu, dama da hagu, kamar mangalar jaki, kuma galibi manyan karnuka aka yi wa ita. Ƙa'idar da aka sani ita ce lafiyayyen kare da ya gama girma kada ya ɗauki abin da ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, da yawa ma suna cewa a tsaya a kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A naki ke nan giram 600 zuwa 900, har da nauyin jakar kanta. Ledar fiya wota ɗaya rabin kilo ce. To karen da ke kwanciya ba a ɗora masa komai ba, ina amfanin ƙara masa ledar ruwa?

Ta goyo ita ce taki. Ni a Jos nake, na daɗe ina hawan duwatsun Shere da wata karya mai jinin Lhasa, ta ɗan fi naki nauyi kaɗan, kuma na yi amfani da iri biyun da suka fi yawa a kasuwa. Akwai wadda kare ke zama a tsaye, cikinsa manne da bayanki, ƙafafunsa na gaba sun fito ta huda biyu, kansa na leƙe ta saman kafaɗarki. K9 Sport Sack ce ta fi suna a wannan ƙirar. Akwai kuma mai shimfiɗaɗɗen gindi mai tauri, wadda kare ke zama sosai a ciki ya fito da kai kawai, irin Kurgo G-Train, da ke ɗaukar kare har kusan kilo 11.

Ta tsayen ta fi daɗin hawa inda sai an dafa dutse da hannu, domin nauyin yana manne da jiki, ba ya lilo. Amma duk zafin bayanki da zufarki a jikin karen suke ƙarewa, kuma ba shi da damar gyara zama. Kare mai dogon baya irin Dachshund, ko tsoho mai ciwon baya ko ƙugu, ba a saka shi a cikinta sai likita ya yarda. Mai gindin tauri ta fi nauyi, tana ɗan janyo mutum baya a gangare, sai dai kare yana juyawa, yana samun iska. Da ni ce a Abuja, da kare mai gashi irin naki, ita zan ɗauka, in dai gefenta biyu raga ne ba yadi ba.

Wajen awo kada ki yarda da harafin S ko M da ke jikin jaka, kowane kamfani da nasa. Ki samu tef ɗin tela, ki tsayar da karen, ki auna daga inda abin wuyansa ke zama zuwa gindin wutsiya, sannan ki zagaya ƙirji ta bayan ƙafafun gaba. Ki danna tef ɗin ya taɓa jiki, don gashin Lhasa yana ruɗin ido, za ki ga kare dambasheshe alhali rabinsa gashi ne. Jakar tsaye in ta yi masa tsawo zai nutse ciki, bakin jakar ya tokare masa maƙogwaro. In ta yi gajarta kuma rabin jikinsa na waje.

Sannan ki duba ko akwai 'yar igiya mai maƙata a ciki. A jikin ɗamarar ƙirji ake maƙala ta, ba a abin wuya ba, domin in ya yi tsalle yana ɗaure ta wuya, rataya ce. Ki ja zif ɗin ki ga ko yana zamewa da kansa in an tura daga ciki. Ki nemi mai ɗamarar ƙugu, saboda kilo 6 ga ruwa ga sauran kaya, in duk a kafaɗa suke, kafin awa guda za ki ji a jikinki. Baƙar jaka kuwa ko kyauta aka ba ki, ki yi tunani, tana shan rana sosai.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne maganar zafi, don a nan ne jakar goyo ke iya zama illa. Kare ba ya zufa kamar mu sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya kai 41 rai ake magana. Masu gajeren hanci irin Pug da Shih Tzu sun fi saurin faɗawa, Lhasa ma hancinsa ba dogo ba ne. Mu a Jos muna sama da mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura 1,800, amma duk da sanyin garin, ba na goya karyata da tsakar rana a watan Maris. Ina ga Abuja, inda Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 35?

Matsalar ita ce yana bayanki, ba ki ganin fuskarsa. Ki ce wa na bayanki a layi ya riƙa duba miki shi, ko ki riƙa ɗaga waya kina kallonsa ta kamarar gaba. In harshe ya zaro ya yi faɗi, yawu ya yi kauri yana dalala, dasashi ya yi jawur, ko kika ji ya yi lakwas ya daina motsi, sauke shi nan take a inuwa. Ki zuba masa ruwa mai sanyi a ciki da hammata da tsakanin cinyoyi, ki yi masa fifita, ki ba shi ruwa kaɗan-kaɗan in zai sha. Kada ki lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul, yana riƙe zafin ne. In ya yi amai ko yana tangaɗi, tafiya ta ƙare, sai asibitin dabbobi ko da ya nuna ya warware. Ko lafiya lau yake, ni duk rabin awa nake sauke tawa ta taka, ta sha ruwa, ta yi fitsari.

Wannan kwanciyar da yake yi a rabin hanya ma ki bincika dalilinta kafin ki kashe kuɗi. Wani lokaci ba gajiya ba ce, dutsen ne ke ƙona masa ƙafa. Ki ɗora bayan hannunki a kan falalen, in kin kasa ƙirga bakwai, shi ma ba zai iya takawa ba. In kuma kin lura yana ɗage ƙafar baya ɗaya ya yi taku biyu uku sannan ya sauke, ƙoƙon gwiwa ne ke gocewa, abu ne da ya yi yawa a ƙananan karnuka, likita ya kamata ya gani. Ɗan kwikwiyon da bai kai shekara ba kuwa ƙashinsa bai gama ƙwari ba, ba a yin doguwar tafiya da shi.

Kada ranar fita ta zama ranar da zai fara shiga jakar. Ki ajiye ta a buɗe a falo, ki jefa ɗan guntun nama ciki ya shiga ya ɗauko da kansa. Bayan kwana biyu ki rufe ki zagaya tsakar gida, sai layinku, a hankali har ya saba. Kada ki cika masa ciki dab da fita, jijjigar tafiya tana sa amai.

A kan dutse za ki ga tafiyarki ta canja. Yana hango ƙadangare ko akuya zai karkata gaba ɗaya gefe guda, in a lokacin ƙafarki ɗaya ce a ƙasa sai ki nemi faɗuwa, shi ya sa nake riƙe sanda. Ki tuna kansa ya fi naki fitowa ta gefe in za ki ratsa ƙaya ko ki duƙa ƙarƙashin reshe. Inda jakar ta fi yi mini rana kuwa ba wajen gajiya ba ne. Da na hango garken shanu ko karnukan ƙauye, tun daga nesa nake saka ta ciki, haka ma in za mu keta doguwar ciyawa da damina saboda maciji. Allurar haukan kare dai ki tabbata tana kan lokaci, ana haɗa ta a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, nan kusa da Jos, ba abin wahalar samu ba ce. In kuma kina cikin masu kiyaye yawun kare saboda salla, ki sani kafaɗa da mayafi za su sha yawu, sai ki ware kayan fita daban.

Da kun dawo ki zauna da mataji. Ƙarangiya tana shigewa gashin ƙafa da hammata, kaska kuma ta fi son cikin kunne da tsakanin yatsu, har cikin ɗinkin jakar tana maƙalewa, don haka ki juye ta ki kakkaɓe ki shanya.

Sabuwa ta asali tana da tsada in aka haɗa da kuɗin kawowa. Akan ci karo da su a gwanjo, mu nan a kasuwar Katako nake dubawa, kuma baduku zai iya ƙara miki ɗamarar ƙugu ko ya canja zif. Amma kada ki huda jakar makaranta ki ce kin yi dabara, gindinta yana lotsawa, iska ba ta shiga. In ta gwanjo kika samu, ba ki san wane kare ya zauna a ciki ba, ƙwayar cutar fabo, mai sa karnuka amai da gudawa, kuma tana yin watanni a jikin kaya ba ta mutu ba. Ki wanke da sabulu tukuna, ki jiƙa ta minti 10 a ruwan Jik ko Hypo, murfi ɗaya cikin murfi 30 na ruwa, ki ɗauraye sosai, ta bushe a rana kafin ya shiga.