Tambaya da Amsa: Fim ya sa mu hawaye, amma haka gyaran hali yake?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan finafinan da ke nuna wanda ya faɗa shaye-shaye ko ya yi zaman gidan yari, ya dawo yana neman a sake karɓarsa. Mun haɗa amsoshin tare da masu aikin jinya da na walwalar jama'a a nan Kaduna.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun kalli wani fim mai dogon zango a YouTube, labarin saurayin da ƙwaya ta kai shi gidan yari, ya fito ya shiryu, har ya auri wadda ta jira shi. A gidanmu babu wanda bai yi hawaye ba. Sai na ga masu sharhi a Facebook suna cewa an sauƙaƙa abin da ba shi da sauƙi. Wa ke da gaskiya? Daga wata 'yar'uwa, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Hawayenku na da dalili. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 ne 'yan shekara 15 zuwa 64 suka sha ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Da wuya a sami zuri'ar da abin bai taɓa ba. Mai kallo ɗansa ko ƙaninsa yake gani a fuskar jarumin, don haka yana so ƙarshen ya yi kyau. Fim ɗin da ya sa uba ya sake buɗe wa ɗansa ƙofa ya yi aiki, ko da sautinsa da haskensa sun gaza.

Sai dai a kan tsakiyar labari, muna bayan masu sharhi. Yawancin irin waɗannan finafinai kan cinye mafi yawan lokacinsu suna nuna lalacewa, majalisa da dila da satar kayan gida, sannan a ba shiriya fitowa biyu kacal: nasihar malam, kuka a gaban mahaifiya, sai a rubuta "bayan shekara biyu" a ga jarumi cikin farar shadda. Waɗannan shekaru biyun da aka tsallake su ne aikin. Cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake komawa. Idan fim bai taɓa nuna komawar ba, iyalin da nasu yaron ya koma bayan wata uku sai su ɗauka shi ne mara rabo, su zare hannu a daidai lokacin da ya kamata a mayar da shi wajen likita.

Tambaya: A wani fim na ga an kulle yaro a ɗaki kwana bakwai, ana ba shi abinci ta taga, ya fito ya warke. Ɗana yana shan tiramol da kodin. In gwada? Daga wata uwa, Kawo.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki gwada. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki zuciya.

Ga abin da ke faruwa a jiki. Wanda ya saba da kodin ko tiramol, cikin kwana guda da dainawa zai fara hamma, zufa, majina, ciwon gaɓoɓi, murɗawar ciki, amai da gudawa, ga rashin barci. Abin yakan tsananta a kwana na biyu da na uku, ya lafa bayan mako guda zuwa kwana goma. Amai da gudawa a ɗakin da babu mai dubawa suna ƙarar da ruwan jiki. Tiramol kuma da kansa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Mafi haɗari shi ne idan yana haɗawa da ƙwayoyin sa barci irin su rochi da diyazefam, ko giya, kuma da yawa suna haɗawa ba tare da iyaye sun sani ba. Waɗannan ba a yanke su farat ɗaya, likita ne ke rage su sannu a hankali, domin dainawa kwatsam tana iya kawo jijjiga, har ta kai ga rasa rai.

Ko da ya wuce kwanakin lafiya, jiki kawai aka wanke, sha'awar tana nan. Ga kuma tarkon da fim ba ya nunawa: bayan hutun makonni, jikin ya daina jure adadin da ya saba sha. Idan ya koma ya sha daidai na da, numfashinsa na iya tsayawa.

Ki kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, akwai sashen masu shaye-shaye. Ki tafi da kwalabe ko fakitin abin da kika tsinta a ɗakinsa, ki faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ya yi yana sha. Za a yi masa tambayoyi da gwajin fitsari, a duba ko akwai ciwon damuwa a ƙarƙashin shan, sannan a yanke ko kwanciya ce ko zuwa daga gida. Ki sa a ranki cewa magani da zaman ba da shawara na ƙasa da kwana 90 ba ya cika riƙewa, kuma bayan sallama akwai ranakun komawa asibiti da ba a wasa da su. Addu'a da nasiha a ci gaba da su tare da maganin. Mu a Kaduna mun ga ƙarshen kulle da mari a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan maza da yara daga wani gida a Rigasa, wasunsu da sarƙa a ƙafa.

Tambaya: An yanke wa jarumin wani fim shekara shida, ya fito bayan huɗu ba tare da afuwa ba. 'Yan kallo suka ce marubucin ya manta lissafi. Kuskure ne? Daga wani malamin makaranta, Unguwar Rimi.

Amsa: Malam, a nan marubucin ya fi 'yan kallo sani. Fursunan da ya kiyaye doka ana yafe masa kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Shida ta koma huɗu ke nan. Afuwa daban take: gwamna ke yin ta ƙarƙashin sashe na 212 na tsarin mulki, shugaban ƙasa kuma sashe na 175. Rangwamen bai shafi masu jiran shari'a ba, tunda ba a yanke musu komai ba, alhali su ne wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan. Abin takaici ne yadda finafinanmu ba sa waiwayarsu.

Tambaya: Ina rubuta labarin fim a kan wanda ya fito daga gidan yari. Me zan yi kada a ce na yi shaci-faɗi? Daga wani matashi, Kakuri.

Amsa: Ɗan'uwa, kayan aikin suna kusa da kai. A Kakuri akwai sansanin fursunoni na buɗe, a Barnawa akwai gidan horon matasa na Bosta, inda ake koyar da sana'a kamar kafinta da ɗinki. Ka rubuta takarda zuwa ofishin Hukumar Gyaran Hali na jiha ka nemi izinin tattaunawa da jami'an walwala. Ka karanta dokar 2019 da ta sauya sunan hukumar, domin ta tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, irin su aikin gayya ga al'umma da sakin talala. Wannan kaɗai labari ne da ba a taɓa sosai ba.

Sannan ka fara fim ɗinka daga ranar fitowa. Ka nuna mai garejin da ya ce sai an kawo wanda zai tsaya masa, da iyayen yarinya da suka yi bincike suka janye, da tsofaffin abokai waɗanda su kaɗai suka yi masa maraba da fara'a. Ka bar shi ya zame sau ɗaya, ka nuna wa ya ɗauke shi ya mayar asibiti da kuma yadda aka haɗa kuɗin. Kada kyamara ta nuna adadin ƙwaya ko yadda ake haɗa ta, yara suna kallo. Kafin a fara ɗauka, ka ba ma'aikacin jinya ɗaya da gandiroba ɗaya rubutun su karanta, su ja layi a duk inda suka ga ba haka ake yi ba.