Amsar tambayarka kan ginin da ke tsaye a tsakiyar teku

Toh yaro, na ga saƙonka. Ka ce ka ga hoton wata hasumiyar fitila tsaye kan dutse a tsakiyar teku, kana tambaya wai ya aka yi ruwa bai wanke kwaɓin ba, tunda mu ko yayyafi aka fara sai mu ruga mu rufe sabuwar filasta da leda. Tambayar masu son aiki ce, bari in ba ka labarin guda ɗaya da na sani sosai.

Akwai wasu duwatsu a tekun kudancin Ingila, gaban garin Plymouth, ana ce musu Eddystone, in ruwa ya cika kusan duk nutsewa suke shi ya sa suka ci jiragen ruwa ba adadi. Wani Winstanley ya fara kafa hasumiyar katako a wurin aka kunna ta 1698, guguwar 1703 ta zo ta share ta, shi ma yana ciki ya tafi. Ta biyu ma katako ce, ta yi shekaru kusan 50 sannan gobara ta cinye ta a 1755, har mai tsaron fitilar wani tsoho ɗan shekara 94 narkakkiyar dalma ta zubo masa a baki yana ƙoƙarin kashe wuta, ba wanda ya yarda da shi sai da ya mutu aka ciro ta a cikinsa.

Sai aka kira wani injiniya John Smeaton, kuma nan ne aikinmu ya shigo. Mutumin bai fara da ɗora dutse ba. A 1756 sassaƙar dutsen ƙasan kawai aka yi, saboda a karkace yake, ya mai da shi matakala matakala ya fafe gurabe. Kowane dutsen gini kuma an yanka shi da haƙori mai faɗin baki, irin haɗin da kafinta ke yi wa kusurwar akwati, ya shiga na kusa da shi ya kulle, ga turakun marmara da na itace suna riƙe sahu da sahu, in igiyar ruwa na son cire ɗaya sai dai ta ɗaga sahun duka. Kuma a tudu ake gwada haɗa su tukun kafin a loda a jirgi, don a can kan dutsen sai ruwa ya janye ake samun ɗan lokacin aiki, ba wurin tsayawa gyara ba ne. Hasumiyar kuma daga ƙasa ya yi ta da faɗi, cike ba ɗaki, tana tsukewa tana hawa.

Maganar kwaɓi kuwa, ai siminti ba bushewa yake ba, haɗuwa yake da ruwa ya kama, shi ya sa nake damunku da ban ruwa. Lokacin babu siminti irin namu. Smeaton ya yi ta gwaji har ya gano dutsen farar ƙasa mai gaurayen yumɓu in an ƙona shi yana kamawa ko a cikin ruwa, ya haɗa shi da tokar dutse mai aman wuta da aka kawo daga Italiya. Abin tsoro kawai shi ne ruwa mai motsi ya wanke shi yana ɗanye, don haka suke shafe bakin haɗin da irin garin fiyofin nan (POP, na yin silin) mai saurin kamawa. Daga wannan binciken aka bi har wani Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a 1824, jikan wannan simintin ne muke ɗauka a buhu.

An kunna hasumiyar Smeaton 1759 da kyandir 24, ta tsaya sama da shekara 100. Kuma wallahi ginin bai gaza ba, dutsen da ke ƙarƙashi ne ruwa ya ƙwaƙule har ta fara girgiza, aka gina sabuwa a gefe 1882, aka kwashe saman tsohuwar aka sake haɗa shi a Plymouth, kututturen yana nan cikin teku har yau.

Gobe ka zo da wuri, ramin fandishon ɗin can na gefen rafi ruwa na tsattsafowa, sai mun janye shi mun kai ƙasa mai tauri kafin a zuba kankare. Ka biya ka karɓo injin jan ruwa.