Ajiye hatsi sai ya yi daraja: zunubi ne ga mai bi?

Tambaya: Baba Fasto, salama a gare ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila. Ina noma da damina, da kaka kuma ina bin ƙauyuka ina sayen gero da dawa da wake, in ajiye sai kaya sun yi daraja in fitar. Kawuna ne ya koya mini sana'ar. Kwanakin baya wani dattijon ikilisiyarmu ya faɗa a wa'azi cewa mai ɓoye hatsi la'ananne ne, ya karanta Karin Magana 11:26, har wasu suka waiwayo suna kallona. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ajiyar da nake yi zunubi ce? Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba: kwanon da muke saye da shi ya fi wanda muke sayarwa da shi girma, kawu ya ce haka kasuwa ta gada. Sannan in abinci ya yanke wa mutane a watan Agusta, nakan ba da buhu ɗaya a biya ni biyu da kaka. Don Allah a haska mini.

Amsa: Salama a gare ka kai ma, ɗana. Tambayoyi uku ka haɗa, kuma wadda ta hana ka barci ita ce mafi sauƙi a cikinsu. Biyun da ka lallaɓo da su a ƙarshe su ne masu nauyi.

Ajiya ita kaɗai ba zunubi ba ce. A ƙasarmu ruwa wata huɗu ne zuwa biyar, ciki kuwa wata goma sha biyu yake nema. In kowa ya zubar da hatsinsa a kasuwa da kaka, me za a ci da bazara? Dole wani ya ajiye, kuma mai ajiyar yana ɗaukar kasada: kuɗinsa sun kwanta, ƙwari da ɓeraye da gobara suna jiransa, farashi kuma ba shi da amana. Waɗanda suka cika ɗakuna da masara da tsada a kakar 2024 sun ga yadda kaya suka karye a 2025, da yawa ko uwar kuɗi ba su mayar ba. Ribar da ta fito daga haƙuri da kasada irin wannan halal ce. A Farawa sura 41, Yusufu ya ba Fir'auna shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasa har shekara bakwai, da yunwa ta zo kuma ya buɗe rumbunan ya sayar. Sai dai kada ka tsaya nan ka ce ka samu hujja. Ka wuce sura 47 ka ga inda cinikin ya kai Masarawa: kuɗi suka ƙare, dabbobi suka bi, gonaki suka bi, a ƙarshe su kansu suka zama bayin Fir'auna. Wannan ɓangaren ba shi ne abin koyin ɗan kasuwar ƙauye ba.

Ayar da dattijo ya karanta rabi biyu gare ta, mu kuma mun fi son rabin farko. Ta ce jama'a za su la'anci mai riƙe hatsi, amma albarka tana kan wanda ya sayar. Ba ta ce wanda ya raba kyauta ba, ta ce wanda ya sayar. Ke nan laifin yana wurin mutumin da ya ga an shiga matsi, yana da kaya, ya rufe ƙofa da gangan don wuyar ta ƙaru. Gwamnati ma takan rasa inda za ta ja layin. A Fabrairun 2024, lokacin da tsadar abinci ta gallabi kowa bayan cire tallafin man fetur, hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye kaya, 'yan kasuwar suka ce su ajiyar sana'a suke yi. Kai buhunanka ba za su girgiza farashin Dawanau ba, amma za su iya girgiza na ƙauyenku, inda wataƙila ku uku ne kawai ke da hatsi in damina ta yi tsakiya. To ka duba zuciyarka: in ka ji labarin fari ko ambaliya, me ke fara zuwa maka? In lissafin abin da buhu zai kai ne, ka riga ka shiga rabin farko na ayar ko da ba ka rufe ƙofa ba tukuna. Shawarata, ka yanke ribar da ta ishe ka tun ranar da ka ajiye, ka riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan, kuma kada maƙwabci ya zo da kuɗinsa a hannu ka ce masa babu alhali akwai.

Shi kuwa dattijo, in har da kai yake, da ya kira ka gefe kamar yadda Matiyu 18:15 ta koyar, da ya fi. Amma bar wannan.

Zancen kwano biyu ba shi da kwana-kwana. Maimaitawar Shari'a 25:13-16 ta hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa ko mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Lura, ajiyewar ma aka hana, ba a jira sai ka auna ba. Annabi Amos, makiyayi daga Tekowa wanda ya yi annabci wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, ya zayyana 'yan hatsin zamaninsa a sura 8 kamar ya zaga kasuwanninmu: suna ƙosawa ranar hutu ta wuce su buɗe awo, suna rage mudu, suna ƙara kuɗi, suna murɗa ma'auni, har sharar alkama suna haɗawa su sayar. Mutane ne masu ibada, ba su fasa kiyaye Asabar ba. Jikinsu yana wurin sujada, hankalinsu yana kan kwano.

Ka san dabarun fiye da ni. Kwanon da aka bubbuga gindinsa ya shige ciki, da wanda aka buɗa bakinsa don saye. Tare hatsi da hannu a gefen kwano in kai ke saye, da girgiza shi ya zube in kai ke sayarwa. Zuba mai kyau a bakin buhu, ƙaiƙayi da tsakuwa a ƙasa. Buhun da kowa ya sani da kwano 40 a ɗinke shi da 37. To wa ake yi wa wannan? Ba Alhajin da ke loda tirela ba, shi yana da sikeli da yaransa. Tsohuwar da ta sussuka damin da ta samu a kala ce, ta kawo kwano uku don ta sayi magani. Matar auren da ta aiko yaro da wake ce, yaron bai san bambancin kwano da kwano ba. Ribar wannan sana'a ta kawu daga rashin sanin mutane take fitowa, shi ya sa ake yin ta a ɓoye. Kai da kanka ka ce ba ka gaya wa kowa ba, ajiyar hatsi kuwa kowa ya san kana yi.

Akwai wani algus da ya fi rage kwano muni, kuma masu wake sun fi faɗawa ciki: zuba fiya-fiya ko wani maganin feshi kai tsaye a cikin wake don kada ya huje. Wannan guba ce ake aika wa tukunyar mutane. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Ga buhun PICS nan ana samu, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda da kyau, iska ba ta shiga, ƙwarin sai su mutu da kansu. Ya fi buhun gargajiya tsada, amma ana maimaita amfani da shi muddin bai huje ba. Wanda ba zai dafa wa 'ya'yansa waken da ya ajiye ba, bai kamata ya auna wa 'ya'yan wani ba.

Kawu ya ce haka kasuwa ta gada, kuma na san za ka ce in ka daina za a bar ka a baya. Ba zan ruɗe ka ba, ribarka a kowane buhu za ta ragu, watakila har shekara ɗaya ko biyu kana jin jiki. Sau da yawa mai kwanon gaskiya yakan tara abokan ciniki daga baya, don mata a cikin gidaje suna gaya wa juna wanda awonsa ke cika. Amma ba zan sayar maka da gaskiya a matsayin dabarar kasuwa ba, domin akwai masu gaskiyar da suka mutu ba su tara komai ba. Dalilin yinta shi ne Karin Magana 11:1: ma'aunin zamba abin ƙyama ne ga Ubangiji, na gaskiya kuwa abin jin daɗinsa ne. Maƙwabtanka Musulmi ma suna da sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, saboda haka ba wanda zai ce ka zo da baƙon abu. Mu da muke 'yan kaɗan a Kano da Jigawa, yawancin mutanen da ke kewaye da mu ba za su taɓa shiga majami'a su ji wa'azi ba. Abin da suka sani game da Almasihu shi ne abin da suka gani a hannun mai binsa ranar kasuwa.

Hausawa na cewa hali zanen dutse ne. Gaskiya ne ta fuskar wuyar kankarewa, amma bishara ba ta yarda cewa ba ya canzuwa ba. Afisawa 4:28 ta ce ɓarawo ya daina sata, ya yi aiki da hannunsa, har ya samu abin da zai ba mabukaci. Ka ga tafiyar: daga ɗauka, zuwa wadatuwa da guminsa, zuwa bayarwa. Aminci da kamunkai da Galatiyawa 5:22-23 ta lissafa cikin 'ya'yan Ruhu, Ruhu Mai Tsarki ne ke ba da su, amma a wurin maimaici suke girma. Mai awo yana auna kwano ɗaruruwa a yini, kowane ɗaya zaɓi ne, kuma hannu yana sabawa da abin da aka fi sa shi. Don haka kada ka dogara da ƙarfin zuciyarka kana ajiye da kwano biyu. Ka fasa ɗaya. Wanda ya rage ka gwada shi da na sarkin kasuwa ko na wani amintacce a gaban mutane, ka saya da shi, ka sayar da shi. Da kawu kuma ban ce ka yi masa wa'azi ba. Ka same shi shi kaɗai, ka durƙusa yadda ɗa ke yi, ka gode masa da sana'ar da ya ɗora ka a kai, ka ce kai dai zuciyarka ba ta ba ka ci gaba da kwano biyu ba. In jarinku haɗe yake, ku raba cikin mutunci.

Saura bashin Agusta. Littafin Firistoci 25:35-37 ya ambaci abinci ƙarara: in ɗan'uwanka ya talauce, kada ka ba shi kuɗi da ruwa, kada ka ba shi abincinka don riba. A Nehemiya sura 5, yunwa ta sa talakawa jinginar da gonaki da gidaje don su sami hatsi, Nehemiya ya tara manya ya sa suka mayar. Buhu ɗaya a biya biyu hanyar nan yake bi. Wanda ya biya ka biyu da kaka, rumbunsa zai ƙare da wuri baɗi, ya dawo tun Yuli, shekara ta uku gonar ce za ta zo hannunka.

Na san hujjarka, kuma tana da ƙarfi: buhun Agusta ya fi na Nuwamba daraja, in aka mayar maka ɗaya da ɗaya ka yi asara. To ga hanya. Ka sayar masa bashi a kan farashin ranar da ya karɓa, a rubuta, da shaidu biyu. Da kaka ya biya ka kuɗin nan daidai, ko ya auna maka hatsin kuɗin a farashin ranar biya, ba ƙari. Haka ba ka yi asarar daraja ba, shi ma ya san iyakar abin da ke kansa tun farko. Wanda kuwa ka san ba shi da ko gonar kirki, gwauruwa ko marar lafiya, wannan ba abokin ciniki ba ne. Ka ware masa tun da kaka abin da za ka iya bayarwa ba tare da ka sa ran dawowarsa ba, ko kwano goma ne.

Na baya fa? Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, da bakinsa ya ce zai mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Ban ɗora maka ninki huɗu ba, kuma waɗanda ka auna wa a kasuwa ba za ka iya gano su duka ba. Amma waɗanda suka biya ka buhu biyu ka san gidajensu. Ka fara da su, ka mayar da abin da ya haura, ko a hankali ne cikin kaka biyu, ba tare da shela ba. Kada kuma ka kwashi hatsin ka kai majami'a ranar godiyar kaka ka ce ka wanke kanka, domin Matiyu 5:23-24 ta sa shiryawa da ɗan'uwa gaba da baiko. Na kasuwa da ba ka san masu shi ba, ka ƙiyasta shi da fastonku, a raba wa mabukatan ƙauyen, Kirista da Musulmi, tunda daga hannun dukansu aka karɓa.