Muryar amsa: yadda ake auna hatsarin ciwon baya da kafaɗa a wurin aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wannan amsa ce ga tambayar da ɗan'uwanmu ya jefo a zauren nan. Ya ce a sashen tattara kaya na kamfaninsu ma'aikata sun dame shi da kukan ciwon baya da kafaɗa, shugabanni sun ce ya bincika ya kawo rahoto, shi kuma bai san ko RULA zai ɗauka ko REBA ba, wato hanyoyi biyu na ba wa yanayin jikin ma'aikaci maki don auna hatsarin aikinsa, bai ma san ta ina zai fara ba. Maganar ta fi ƙarfin rubutu, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Malam, abu na farko, ka sa a ranka cewa aikin za ka auna, ba mutumin ba. Idan ka ga ma'aikaci ya duƙa sau ɗari a awa ɗaya, ba son duƙawa yake yi ba, kayan ne aka ajiye masa a ƙasa. Ka faɗa musu haka ƙarara kafin ka fara, don in suka ɗauka laifi ka zo nema, kana shigowa kowa zai miƙe sak, ya yi maka aikin da ba haka yake yin sa ba kullum, ka koma ofis da maki mai kyau na ƙarya.

Kuma kada ka fara da fom ɗin maki. Ka fara da tambaya. Akwai takardar tambayoyi da masana na ƙasashen arewacin Turai suka fitar a 1987, ana ce mata Nordic. Hoton jikin mutum ne aka raba gida tara: wuya, kafaɗu, saman baya, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, kwatangwalo da cinya, gwiwa, sai idon sawu. Kowa zai nuna inda ya yi masa ciwo cikin wata 12 da suka wuce, da cikin kwana 7, da ko ciwon ya hana shi aiki. Kada a sa suna, a sa sashe da irin aiki kawai. In ka tara su za ka ga inda ciwon ya taru, can za ka kai kyamararka. Ka haɗa da rijistar hutun rashin lafiya in akwai.

To, sai kallo. Ka ɗauki bidiyo da waya bayan ka nemi izininsu. Wayar ta tsaya daidai gefen mutum, a tsayin ƙugunsa, jikinsa duka ya fito tun daga kai har ƙafa. Nan mutane da yawa ke ɓata aiki: in ka ɗauka daga karkace, ko kana tsaye kana leƙo shi daga sama, duƙawar digiri 60 sai ta fito maka kamar 40. Ka ƙara wani ɗaukar daga gaba ko baya, don daga nan ne kaɗai za ka ga murɗa jiki da karkata gefe da buɗe hammata. Ka bari aikin ya zagayo sau da yawa, ka ɗauki dogo ka ɗauki gajere, ka kuma dawo dab da tashi, lokacin da gajiya ta shiga kuma kwalayen saman sun ƙare an koma na ƙasa. Daga bidiyon sai ka tsayar da hoto iri uku: yanayin da ya fi muni, wanda aka fi daɗewa a cikinsa, da wanda ake sa ƙarfi mafi yawa. Kowanne makinsa daban. Hannun dama da na hagu ma kowanne nasa daban.

Yanzu maganar wanne za ka ɗauka. RULA, Lynn McAtamney da Nigel Corlett ne suka fitar da ita a 1993 daga Jami'ar Nottingham a Ingila. Ta aikin hannu ce, mutum na zaune ko tsaye wuri guda: mai ɗinki, mai haɗa ƙananan kaya, mai manna takarda a kwali, mai kwamfuta. Ƙarfinta a kafaɗa da hannu da wuya yake, ƙafa kuwa maki biyu kawai ta ba ta, ko tana da madogara ko babu. REBA ta zo a 2000, Sue Hignett da McAtamney ɗin dai, kuma don ma'aikatan jinya aka fara tsara ta, masu ɗaga majinyaci suna juya shi, wato aikin da jiki duka ke motsi ba tsari. Ita tana lissafa lanƙwasar gwiwa da yadda hannu ya kama kayan. Akwai OWAS ta 1977, daga kamfanin ƙarfe na Ovako a ƙasar Finland, wadda ake leƙa mutum lokaci-lokaci ana rubuta yanayin bayansa da hannu da ƙafa, don a san kashi nawa na yininsa yake a duƙe. Ba ta shiga ƙananan bayanai, amma tana da amfani in wurin babba ne.

A naka wurin, masu cika kwali a kan tebur RULA ce tasu. Masu jera kaya da sauke su REBA. Amma ciwon bayan da ka ambata, in daga ɗaga kwali yake, waɗannan biyun ba za su gaya maka kilo nawa ya dace ba, sai lissafin NIOSH, zan zo kansa.

Bari in ba ka yadda makin RULA yake don ka ga ba wani sihiri ba ne. Damtse: in yana rataye kusa da jiki, bai wuce digiri 20 gaba ko baya ba, maki 1. Daga 20 zuwa 45, maki 2. Daga 45 zuwa 90, maki 3. Ya haura kafaɗa, maki 4. In mutum ya ɗage kafaɗa ka ƙara ɗaya, in ya buɗe hammata ka ƙara ɗaya, in hannun na jingine a kan wani abu ka rage ɗaya. Wuya: sunkuyawa har digiri 10 maki 1, zuwa 20 maki 2, fiye da 20 maki 3, ɗaga kai sama kuwa 4 ne kai tsaye. Gangar jiki: a miƙe 1, zuwa digiri 20 maki 2, zuwa 60 maki 3, fiye da haka 4, murɗawa da karkata gefe kowanne ƙarin ɗaya. Sannan akwai layi biyu da ake yawan tsallakewa, alhali su ne ke ɗaga maki. Ɗaya na amfani da tsoka: in an riƙe yanayi guda fiye da minti ɗaya, ko ana maimaita motsi fiye da sau huɗu a minti, ƙarin ɗaya. Ɗayan na nauyi: ƙasa da kilo 2 jefi-jefi babu komai, kilo 2 zuwa 10 ana maimaitawa maki 2, fiye da kilo 10 ana maimaitawa ko da fizga maki 3. Jimillar ƙarshe daga 1 zuwa 7 take. 1 da 2 ba laifi, 3 da 4 a ƙara bincike, 5 da 6 a gyara ba da jimawa ba, 7 a gyara yanzu. REBA kuma 1 zuwa 15: 4 zuwa 7 matsakaici, 8 zuwa 10 hatsari babba, 11 zuwa sama ba a jira.

Me ya sa tsayawa cik ke da maki alhali mutum bai ɗauki komai ba? Saboda tsokar da ta ɗaure ba ta saki ba tana matse hanyoyin jinin da ke cikinta, iska ba ta isa, gajiya ta taru. Shi ya sa mai riƙe hannu sama yana ɗaura waya a rufi ke kuka da kafaɗa fiye da wani mai ɗaukar kaya.

Yauwa, NIOSH. Hukuma ce ta lafiyar ma'aikata a Amurka, ta fitar da lissafin a 1981, ta sabunta shi a 1991. Ana farawa da kilo 23, wato nauyin da yawancin masu lafiya za su iya ɗagawa in komai ya yi daidai: kaya a jikinka, a tsayin santimita 75 daga ƙasa, ba murɗawa, da mariƙi mai kyau, kuma ba akai-akai ba. Daga nan kowace matsala tana zaftare wani abu, don kowacce tana da lambarta da ake ninka 23 ɗin da ita. Mu yi misali da lambobi. Kwali ne mai kilo 15 a kan katakon jera kaya a ƙasa. Ka auna daga tsakiyar idon sawunsa biyu zuwa inda hannunsa ya kama kwalin, ka samu santimita 50 saboda sai ya miƙa. Ana raba 25 da wannan nisan, ya ba ka 0.5. Ka ga nisa kaɗai ya cinye rabi, 23 ta koma 11.5. Hannunsa na santimita 15 daga ƙasa lokacin ɗauka, wannan 0.82. Zai ɗaga shi santimita 60 zuwa tebur, kusan 0.9. Yana murɗa jiki digiri 45 don teburin na gefensa, kusan 0.86. Kwali ɗaya a minti har awa takwas, 0.75. Kwalin ba mariƙi, 0.9. Ka ninka su duka, abin da ya rage bai kai kilo 5 ba, wajen 4.9. Ka raba 15 da shi, ka samu 3 da 'yan kai. Wannan alƙalumin shi ke nuna girman hatsarin: duk abin da ya wuce 1 hatsari ya fara, 3 kuwa wuri ne da ba a barin mutane a ciki.

Dalilin da nisa ke da wannan ƙarfin, ka ɗauki bokitin ruwa a jikinka, sannan ka miƙa hannu da shi. Ruwan bai ƙaru ba. Tsokar baya tana manne da ƙashin baya, 'yan santimita kaɗan ne tsakaninsu, don haka sai ta ja da ƙarfi ninki-ba-ninki kafin ta rinjayi kayan da ke nesa, kuma duk wannan jan a kan faifan guringuntsin da ke can ƙasan ƙugu yake sauka, wanda likitoci ke kira L5/S1. Iyakar matsin da lissafin ya ginu a kai a wannan gaɓar kilonewton 3.4 ce, kilonewton kuwa ma'aunin ƙarfi ne.

Yanzu ka gyara wurin, kada ka taɓa nauyin kwalin. Ka ɗaga katakon zuwa santimita 75, ko da teburin da ke hawa da sauka ko da jera wasu katakai a ƙasansa. Ka bar fili ta kowane gefe don ya zagaya ya matso, nisan ya koma 30. Ka daidaita teburin saukewa yadda zai taka ƙafa ya juya gaba ɗaya ba ya murɗa ƙugu ba. A huda wa kwalin wurin sa hannu. Ka sake lissafi: nauyin da ya dace ya koma wajen kilo 14.4, alƙalumin hatsarin ya sauko kusan 1. Kwali ɗaya, mutum ɗaya, gudun aiki ɗaya. Wannan lissafin biyu, na kafin gyara da na bayansa, su za ka sa a shafin farko na rahotonka, don su shugabanni ke ganewa.

Amma ka san iyakarsa. Ba a amfani da shi ga ɗagawa da hannu ɗaya, ko a zaune, ko a durƙushe, ko turawa da ja, ko aikin da ya wuce awa takwas, ko kayan da ke motsi a hannu.

Game da tebur, gwiwar hannu ita ce ma'auni. Aiki mai buƙatar ido da natsuwa, teburin ya ɗan haura gwiwar hannu da santimita 5 zuwa 10, a samu inda za a jingina hannu. Aiki mara nauyi kamar cika kwali, ya sauka ƙasa da ita da 10 zuwa 15. Aikin dannawa da ƙarfi ya fi haka sauka. Kuma abin lura, bakin kwalin za ka auna, ba saman teburin ba. Tebur na iya zama daidai, amma ka ɗora masa kwali mai zurfin santimita 40, sai ma'aikaci ya riƙa ɗage kafaɗa yana zura hannu ta sama duk yini. Maganin sa a saukar da wurin kwalin ko a karkato shi wajensa. In tsayin ma'aikata ya bambanta kuma teburin ba ya motsi, a yi shi daidai da dogo, a ba gajere dandamalin takawa, don ba yadda za ka yi ka rage wa dogo tsawo.

Abin da nake jin tsoron rahotonka ya ƙare a kai shi ne a tara mutane a koya musu "ku lanƙwasa gwiwa, ku miƙe baya", a raba bel ɗin ƙugu, a ce an gama. Wannan shi ne mafi arha kuma mafi rauni. Tun 1994 NIOSH ta ce ba ta ga isasshiyar hujja cewa bel na hana rauni ga ma'aikaci mai lafiya ba, kuma mutum kan ɗaura shi ya ji kamar ya ƙara ƙarfi ya ɗauki abin da da ba zai ɗauka ba. Horo yana da wurinsa, amma bayan an cire ɗagawar da za a iya cirewa da na'ura ko keken tura kaya, an kuma gyara tsayi da nisa. Juyin aiki ma haka: in ka ɗauke mutum daga cika kwali ka kai shi manna takarda, kafaɗar nan dai ita ke aiki, ba ka hutar da komai ba. A juya tsakanin aikin hannu da aikin tafiya, kuma gajeren hutu akai-akai ya fi dogo guda ɗaya.

Sai abu biyu na ƙarshe. Maki ba gwajin asibiti ba ne, yana nuna wurin da za a fara gyarawa ne kawai, kuma mutum biyu na iya bambanta da maki ɗaya a hoto guda, don haka ku cika fom ɗin ku biyu kowa shi kaɗai sannan ku gwada. Kuma in a takardar tambayoyin wani ya ce ciwon na sauka har ƙafa da mutuwar yatsu, ko ƙafar na rasa ƙarfi, ko yatsun hannu na sagewa suna tashinsa da dare, wannan a tura shi wurin likita ba sai rahoto ya fito ba. In kuma ya zo da kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko rashin jin taɓi a tsakanin cinyoyi, asibiti ne a ranar.

Malam, ka auno mana nisan hannu da tsayin ɗauka da na saukewa, da nauyin kwalin, da sau nawa ake ɗagawa a cikin minti goma sha biyar, ka turo nan mu yi lissafin tare.