Tsautsayi, kuskure ko ganganci? Amsoshin tambayoyinku kan kalmomin harbi da diyya

Tambayoyin wannan karon kusan duka a kan abu ɗaya suka taru: kalmomin da muke faɗa idan ɗan sanda ya harbi wanda bai ji ba bai gani ba. Na haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

Malam, na ji a labarai an ce "harsashi ya kuɓuce ya sami wata mata", wani gidan rediyon kuma ya ce "tsautsayi ya rutsa da ita". Wanne ya fi daidai?

Ɗan'uwa, babu wanda ya yi daidai a cikinsu, kuma wannan yana cikin abubuwan da suka fi damuna a Hausar masu labarai. Abin da ke kuɓucewa shi ne wanda aka riƙe ya ƙwace da kansa, kamar akuya ta tsinke daga turke. Harsashi kuwa galibi ba ya barin bindiga sai an ɗura shi, an ɗana bindigar, an cire makarin da ke hana ta tashi, an ɗora yatsa a kan kunama, an ja. Kowane mataki da hannun mutum a ciki. Jimlar da ta mai da harsashi mai aikatawa ta ɓoye mai hannun ke nan. Haka "bindiga ta tashi". Haka kuma yawan fakewa da "an": an yi harbi, an rasa rai, an ji rauni. Wannan lamiri yana da amfaninsa idan ba a san wanda ya yi ba, ko idan ana sakaya suna don kunya. Amma in an san jami'i ne, a ce jami'i ya harbi wata mata.

Hausa tana da kalmomi huɗu a nan, kuma kowace da gurbinta. Tsautsayi yana kallon al'amarin ne daga wajen wanda abin ya faɗa wa, bai ce komai ba a kan wanda ya aikata. Kuskure daga aikatau "kuskure" yake, wato a nufi abu a rasa shi, shi ya sa maharbi ke cewa "na kuskure shi". Iri biyu ne: jami'i ya auna ɗan fashi harsashin ya sami mai wucewa, ko ya auna mutumin da ya nufa ɗin amma zatonsa a kansa ya zama ba daidai ba. Sakaci barin abin da ya wajaba ne, kamar yawo da bindiga a ɗane, yatsa a kan kunama, cikin motar da ke tsalle. Ganganci kuwa mutum ya san haɗarin ya yi duk da haka: harbi cikin taron jama'a, ko harbin mota don kawai direba bai tsaya ba. A lura, a bakin malaman fiƙihu "kisan ganganci" kisan da aka yi da niyya ne, a bakin jama'a kuma ya haɗa har da wasa da rai ba tare da nufin kisa ba. Mai rubuta ƙorafi ya fayyace wanne yake nufi.

Ma'aunin rarrabewa ma a rubuce yake. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga, waɗanda aka amince da su a birnin Havana a 1990, sun ce a ƙa'ida ta 9 jami'i ba zai harbi mutum ba sai don kare kansa ko wani daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, ko hana babban laifin da ke barazana ga rai, ko kama mai irin wannan haɗarin, kuma sai in babu wata hanya mafi sauƙi. Ta 10 ta ce ya bayyana ko shi wane ne, ya yi gargaɗi, ya ba da lokaci, sai in yin hakan zai jawo haɗari. Harbin da ya fita daga wannan da'ira a kira shi da sunansa.

To ashe karin maganar "tsautsayi ba ya wuce ranarsa" ba ta da amfani a nan?

Tana da shi, 'yar'uwa, amma a bakin wa? Maganar ta'aziyya ce. Mai zuwa gaisuwa ya faɗe ta, wanda aka yi wa rashi ya faɗe ta don ya sanyaya zuciyarsa. Ba ta dace da bakin wanda ya ja kunamar ba, ko bakin shugabansa. Bahaushen da ya yi wannan karin maganar shi ne kuma ya ce "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi". Ta farko tana magana a kan ajali, ta biyu a kan hisabi, kuma ɗaya ba ta goge ɗaya.

"Ya harbi yaron" da "ya harbe yaron" duk ɗaya ne?

A'a. "Harbi" ya nuna an yi harbin ya same shi, ko ya rayu ko bai rayu ba. "Harbe" yana ɗauke da gamawa, galibi an kashe ke nan. Inda ake samun ruɗani shi ne idan lamiri ya biyo baya, domin duka biyun "ya harbe shi" ake rubuta su, karin sauti kaɗai ke raba su, mu kuma ba ma sa alamar karin sauti a rubutun yau da kullum. Saboda haka a takardar ƙorafi ko shaida kada a tsaya a nan. A ƙara "har lahira", ko a ce "ya harbe shi a cinya, ya rayu".

Daga ina "harsashi" ta samo asali?

Daga Larabci, "rasas", wato darma. Bindiga da albarushi ma can suka fito.

Malam, hukuma ta kai wa iyalan mamaci kuɗi ta ce "tallafi" ne, wasu na cewa diyya. Akwai bambanci?

Akwai, kuma babba ne. Tallafi, gudummawa, kyauta, kuɗin ta'aziyya, duk mai bayarwa ne ke da zaɓi: ya ga dama ya bayar, ya yanke adadin, a yi masa godiya. Diyya bashi ce. Mai karɓa ne ke da haƙƙi, kuma biyanta yana nufin akwai rai ko gaɓar da aka salwantar a hannun wani. Shi ya sa hukumomi a ko'ina suka fi son kalmar farko. Raina yana ɓaci idan na ji 'yan jarida suna musanya su kamar ba komai.

Bari in jero 'yan'uwanta da ake cakuɗa su. Ranko na kaya ne: ka fasa, ka ɓatar, ka biya kwatankwacinsa. Fansa kuɓutar da wanda ke hannu ne, sai kuma "ɗaukar fansa" da ke nufin ramuwa. Kaffara tsakanin bawa da Ubangijinsa take, a kisan kuskure azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan da zai 'yanta ba, kuma ba ta sauke diyya. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ambaci su biyun tare, ta kuma ce diyyar "miƙaƙƙiya" ce ga iyalan mamacin sai fa idan su suka yi sadaka da ita.

Kalmar ta shigo mana ne da lissafinta. A fiƙihun Malikiyya diyyar rai raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. In aka ɗauki dinari a kan giram 4.25, zinariya giram 4,250 ke nan. Ido ɗaya, hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya rabin diyya. Yatsa raƙuma 10, haƙori 5. Raunin da ya kai ga ƙashin kai ko na fuska har ya bayyana shi raƙuma 5, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa 15. Wanda ya ratsa zuwa cikin ciki ko ƙirji sulusin diyya ne, haka wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa. In ya shiga ta gaba ya fita ta baya, kamar yadda harsashi kan yi, malamai da dama sun lissafa shi rauni biyu. Kotunan zamani da yawa ba su da irin wannan ƙayyadadden jadawali, sukan haɗa kuɗin asibiti, abin da mutum zai samu da yana aiki, yawan waɗanda yake ciyarwa da azabar da ya sha, wani lokaci su ƙara wani abu don horon hukumar. Yau Hausa tana kiran duka biyun diyya, kuma ban ga laifin hakan ba, muddin ba a manta cewa haƙƙi ce ba.

Wa ke biya? A kisan kuskure ba a ɗora wa mai laifin shi kaɗai, ana raba ta ne a kan "aƙila" cikin shekara 3. Asali dangin mutum ne na wajen uba, amma Sayyidina Umar ya mai da ita kan mutanen diwani, wato waɗanda sunansu ke cikin rajistar albashi ɗaya da mai laifin. Tun kafin nan, a shekara ta 8 bayan Hijira, da rundunar Khalid bin Walid ta kashe mutanen Banu Jazima bisa mummunar fahimta, Annabi (SAW) ya barranta daga aikin a fili, sannan ya aiki Sayyidina Ali ya biya diyyar rayukan da ta dukiyar. Saboda haka cewa hukumar da ta ba mutum bindiga ita za ta biya ɓarnar da ya yi da ita ba baƙon tunani ba ne a wurinmu.

Ƙisasi daga "kisa" aka samo shi?

A'a, Malam. Kisa tamu ce, 'yar'uwar "kashe". Ƙisasi Larabci ne, ma'anarsa saka wa mutum daidai da abin da ya yi, ko da a haƙori ne. Da ƙ mai lanƙwasa ake rubuta shi.

Mene ne "bin kadi", kuma yaya ake bin sa idan jami'i ne ya yi harbin?

Bin kadi tsayawa ne a kan haƙƙin wanda aka zalunta har a ga ƙarshensa. Kusa da shi akwai "bin bahasi", wato tono yadda abu ya faru, wanda aka tuhuma kuma ya "ba da bahasi". Abin sha'awa, haƙƙi da alhaki kalma ɗaya ce ta Larabci ta shigo mana sau biyu, ɗaya tsura, ɗaya da "al" a manne. Hausa sai ta raba musu aiki: haƙƙi abin da kake bi, alhaki abin da ake bin ka. In aka danne haƙƙin wani, ya koma alhaki a wuyan mai dannewa.

A aikace kuwa, ƙarar irin wannan takan mutu ne a kwanakin farko. A nemi rahoton likita a rubuce, mai nuna inda harsashi ya shiga da inda ya fita, domin shiga ta baya yana raunana da'awar cewa mutumin ya taso wa jami'i. Harsashin da aka ciro da ƙwanson da ya faɗi a wurin su ne ke haɗa raunin da wata bindiga takamaimai, don haka a tabbatar an rubuta wanda ya karɓe su da lokacin. Tufafin da ke jikin mutumin kada a wanke. A rubuta sunayen shaidu da lambar motar jami'an tun ranar, a adana hoton bidiyo na asali, domin wanda aka yi ta turawa yakan rasa bayanan lokaci. Lauya ya nemi rajistar ɗakin makamai, inda ake rubuta wanda ya karɓi kowace bindiga, harsashi nawa ya fita da su, nawa ya dawo da su. Idan rai ya salwanta, gaggawar binnewa ba tare da likita ya duba gawar ba takan kashe shari'a. Sannan a kai ƙorafin ga hukumar da ba ta ƙarƙashin rundunar, domin ofishin da ya yi harbin ba zai binciki kansa da gaske ba. Ƙasashe da yawa suna da gajeren wa'adi na shigar da ƙara a kan jami'an gwamnati, wani wurin 'yan watanni ne kawai. Ƙa'ida ta 26 cikin waɗancan na Havana ta ce "umarni aka ba ni" ba kariya ba ce idan umarnin haramtacce ne ƙarara kuma jami'in yana da damar ƙi, ta 24 kuma ta ɗora alhaki a kan shugaban da ya sani ko ya kamata ya sani amma bai hana ba.

"Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi" ta dace da wannan?

Ta dace da ƙaramin laifi. Ta yi sauƙi ga zubar da jini.

Ana cewa "shari'a mace da ciki ce". In kotu ta sallami jami'in, diyya ta faɗi ke nan?

Ba ta faɗi ba, Hajiya. Shari'ar laifi da ta neman haƙƙi hanya biyu ce. Ta farko tana buƙatar hujjar da ba ta bar shakka ba, ta biyu rinjayen hujja ya ishe ta. A ranar 4 ga Fabrairu 1999 'yan sanda huɗu a birnin New York suka yi wa Amadou Diallo, ɗan ƙasar Gini, harbi 41, guda 19 suka same shi, alhali walat ya ciro. An sallame su a 2000, amma a 2004 birnin ya amince ya biya iyalinsa dala miliyan 3. A Landan kuma, bayan harbe Jean Charles de Menezes, ɗan Brazil, a tashar jirgin ƙasa ta Stockwell ranar 22 ga Yuli 2005 bisa zaton ɗan ƙunar baƙin wake ne, ba a gurfanar da jami'i ko ɗaya ba, rundunar ce aka samu da laifi a 2007 aka ci ta tarar fam 175,000. Tara kuwa baitulmali take shiga, ba diyya ba ce. Sai a 2009 aka daidaita da iyalinsa.

Kawun mamaci ya ce "mun yafe" a madadin kowa. Maganarsa ta zauna?

"Mun" ɗin nan sai an duba su wane ne a cikinta. Diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiyar mamaci, matarsa ma tana da kasonta. Kowa rabonsa kawai yake iya yafewa, kuma babu mai ikon kyautar da rabon maraya. Kawun da ba magaji ba babu abin da ya mallaka a ciki balle ya yafe. Haka nan "na yafe masa har ga Allah" daban take da "na janye ƙara", ko da yake sau da yawa takardar da ake kawowa a sa wa hannu ranar karɓar kuɗi tana ƙunshe da ta biyun. Kada magada su sa hannu sai wanda suka amince da shi ya karanta musu ita cikin harshen da suke ji, kuma su riƙe kwafinsu.