Kada ka cusa komai a tebur guda

Malam, ka tambayi yadda za ka tsara bayanan inshorar motoci da shaguna a kwamfuta. Raba su tebur-tebur, wato jadawalin bayanai daban-daban: wanda ya sayi inshora daban, yarjejeniya daban, dukiya daban, asara daban. Ɗan kasuwar Dole ɗaya yana iya mallakar shago da mota, kowanne da takardarsa.

Inda na fi damuwa shi ne kwanan wata. Ranar gobara, ranar da aka kai rahoto da ranar biyan diyya, kowace da gurbinta. In kiyasin asara ya canza, ƙara sabon layi, kada ka goge tsohon. Rubuta ranar biyan kuɗin inshora ma, domin dokar da Nijar ke bi ta CIMA, wato ƙungiyar da ke tsara harkar inshora a wasu ƙasashen Afirka, ta ce sai an biya kariya ke farawa.